Igiyar da Aka Goge

Ni nas ce a sashen masu karaya, kuma ba ni da sanyin baki, wannan ko abokan aikina za su shaida. In tsoho ya ce mini zai iya zuwa banɗaki da kansa, ba na tsayawa lallashi. Cewa nake, "Koma ka kwanta, Baba, na gadon can ma haka ya ce." Na ga tsofaffi da yawa da suka shigo mana da karayar ƙugu suna raha da masu jinya, bayan wata biyu aka fitar da su a lulluɓe. Na fara da wannan ne don a san da wane ido na kalli mahaifina ranar da na kai shi hawan doki a bayan Bwari. Ba don in wanke kaina ba ne, don ba zan wanku ba.

Ƙauyenmu yana can arewa da Gashuwa, inda gonaki ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Baba ba mai sarauta ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Sana'arsa horar da dawakin mutane. A kawo masa ɗan doki mai cizo da harbi, wanda ko kusa da turkensa ba a zuwa, kafin damina ta zagayo ya mayar wa mai shi da dokin da zai je kasuwa da shi. Nasa na kansa ɗaya ne tak, wani akawal, baƙi wuluk. A garinmu mutum uku kawai ake ja wa doki: ƙaramin yaro, da makaho, da majinyacin da za a kai gidan mai magani. In aka hango magidanci a kan doki wani na riƙe masa da igiya yana tafe a gaba, fitowa ake daga gidaje ana tambayar me ya same shi. Na san wannan sarai. Ina ƙarama shi da kansa yake ɗora ni ya ja ni zuwa rijiya.

Ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, motar da ta kwashe mutane ba ta da wurin doki. Baba ya zare wa akawal linzami, ya kwance shi daga turke, ya kore shi. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu tun kafin nan. Haka ya iso mini Nyanya da buhu ɗaya, a ciki riguna biyu ne da rawani da wannan linzamin.

Hawa na uku muke zaune ni da maigidana. Baba ya sami kujerar roba a baranda ya mayar da ita gari. Daga nan yake kallon cunkoson motocin da ke rarrafawa zuwa cikin Abuja, tun safe har rana ta faɗi. Da farko yakan je Kuchigoro ranar Juma'a wajen 'yan garinmu da ke zaune a can, musamman amininsa, wani tsohon baduku wanda shi ya ɗinka masa fatar linzamin nan. Daga baya ya daina. Da na matsa masa ya ce, "In na je lissafin matattu kawai muke yi." Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Magana kuwa sai dai amsa gaisuwa. Abu ɗaya ya rage da yake nuna yana nan, shi ne faɗan magani. Yana da hawan jini, in ba shi ƙwaya ya tura ta ƙarƙashin tabarma, in gano in yi ta sababi, ya ce, "Uwata, ke dai ba kya gajiya." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini tallar a wayarta. Wai hawan doki cikin sahara, a nan Abuja, da jagora da ruwan sanyi da hoto kyauta. Na ce sahara a Abuja? Tabɗi! Amma a bidiyon na ga dawaki na gudu a kan farin yashi, sai zuciyata ta tafi baranda. Ranar na kama mana wuri, ni da shi.

Da na gaya masa, bai ce komai ba sai, "Doki?" Na ce doki. Ya juya ya ci gaba da kallon titi, har na ji haushi. Washegari na dawo daga aiki na tarar an zazzage buhunsa, yana zaune a ƙasa da linzamin a cinya da murfin kwalba cike da man gyaɗata, yana murza fatar da yatsa. Ya ci tuwo ya ƙara. Ya tambayi maigidana inda ake aski. Ya tambaye ni irin dawakin, ingarmu ne ko goɗiyoyi, na ce oho, ni ina na sani? Ya yi dariya, wallahi sai da na ajiye ludayi na leƙo don in tabbatar shi ne. Ya ce, "Ba wani abu nake so ba, Uwata. In dai ji bakin doki a hannuna, shi ke nan."

Ranar Asabar ce cikin bazara, tun hantsi zafi ya fara. Maigidana yana da aiki, ni na tuƙa. Mun wuce Bwari, muka sauka daga kwalta muka bi wata hanyar burji ta cikin gonaki har wani fili da aka kewaye da waya. Gaskiya wurin a share yake, ma'aikatan kuma da fara'a. Tun daga ƙofa aka tarbe mu da zoɓo mai sanyi. Baba bai karɓa ba. Ya tsaya cak yana shaƙar iska, warin barga ne ya iso masa.

Ogar wurin mace ce, tana zaune ƙarƙashin rumfa da tarin fom a gabanta da tabarau a goshi. Ta yi mini bayanin tsarinsu. Kowane kwastoma ana ɗaura masa zare a wuyan hannu. Kore na wanda ya iya hawa, a ba shi doki ya bi jagora da kansa. Ja na wanda bai taɓa hawa ba ko mai wata lalura, shi jan dokinsa ake daga farko har ƙarshe. Ta dubi Baba ta dube ni, ta tambaya ko ya taɓa hawa, ko yana shan wani magani. Da Turanci muka yi maganar, a gabansa, irin yadda muke yi da likitoci a bakin gadon majinyaci. Na ce ya haura saba'in, yana da hawan jini, kuma rabonsa da doki an daɗe. Duk gaskiya ne. Abin da ban ce ba shi ne mutumin nan ya fi duk wanda ke cikin filin sanin doki. Na sa hannu a fom, a gurbin mai kula da shi, na karɓi jan zaren na ɗaura masa da kaina. Ya ɗaga hannun ya duba, ya ce na mene ne? Na ce shaidar mun biya ce.

Ta hango linzamin a kafaɗarsa ta ce ba a shiga da kayan waje, a mayar mota. Na fassara masa. Ya gyaɗa kai, ya juya baya, na gan shi ya cusa shi a babban aljihun rigarsa. Na ce a raina bari ya riƙe abinsa, ai ba ya cizo. Sai maganar hular kwano. Dole kowa ya sa. Baba ya warware rawanin da ya ɓata rabin awa yana naɗawa, ya miƙo mini, aka kifa masa hula irin ta 'yan acaɓa aka ɗaure masa a haɓa. Bai yi musu ba. Idonsa na kan dawakin da ake fitowa da su.

Jagoranmu wani dattijo ne baƙi gajere, mutumin Filato, da ɗan gicciye a wuya. Ya ce mana ya daɗe yana aikin barga a gidajen masu wasan ƙwallon doki na folo kafin ya dawo nan. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya kawo wa Baba wani jan doki ƙosasshe, ni kuma wata goɗiya da ya ce ko jariri zai hau. Ba zan yi musu ƙarya ba, dawakinsu na cin abinci, jikinsu har sheƙi yake.

Baba bai je wajen sirdi ba. Gaban dokin ya je, ya ba shi bayan hannu ya sansana, ya hura masa iska a hanci, yana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa da na rabu da ji tun ina yarinya. Ya shafo ƙafarsa ta gaba har ƙasa, dokin ya ɗaga masa ita da kansa, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo wata tsakuwa daga kofaton ya nuna wa jagora. Jagora ya riƙe baki. Aka jawo bencin da kwastomomi ke takawa su hau, Baba ya ture shi da ƙafa. Kafin in ce wayyo ya sa ƙafa a likkafa, sai ga shi a sama, zaune daram. Mutumin da nake riƙe wa hannu a matakalar bene!

Jagora ya matso kusa da ni ya ce, "Madam, wa ya ba Baban nan jan zare? Wannan ai malami na ne."

Na ce, "Ka dai yi aikinka."

A nan Baba ya ɗauki linzamin da ke kan wuyan dokin, ya ɗan ja. Sai ya sake ja. Ya sunkuya ya leƙa bakin dokin. Ashe dawakin masu jan zare ba a sa musu ƙarfe a baki sam. Ragama ce kawai, aka ɗaura mata wata fata mai ado a gefe da gefe don kwastoma ya riƙe ya ji kamar shi ke tuƙi. Tuƙin gaske yana ga doguwar igiyar da ke hannun jagora. Baba ya bi igiyar da kallo tun daga haɓar dokin har hannun mutumin, sannan ya dubi zaren da ke wuyan hannunsa. Bai dube ni ba. Ya ce wa jagora, "Mu je."

Wani ma'aikaci ya ja goɗiyata, amma ban yi nisa ba na ce a sauke ni, don ba na ganin Baba da kyau. Aka mayar da ita, na bi su a ƙasa.

Saharar kuwa, in ka ji haushi ka yi dariya. Wani busasshen rafi ne mai faɗi, da tsohon ramin da masu tifa suka gama kwasar yashi suka bari. An tara yashin tudu-tudu da katafila, an dasa dabino biyu da suka riga suka bushe, an kafa tanti da raƙumin katako na ɗaukar hoto. Ga ledojin ruwa, ga sawun tayoyi. Can gefe wasu Fulani na ratsawa da shanunsu suna kallonmu. Baba ya waiga hagu da dama ya ce, "Uwata, wannan ai yashin gini ne. Rairayi ba ya ƙara a ƙarƙashin kofato." Jagora ya ƙyalƙyale da dariya ya ce shi ma bai taɓa ganin saharar gaske ba, Baba ya ba shi labari.

Ai kuwa ya ba shi. Yadda tudun rairayi ke tashi daga bayan gari ya koma gabansa a shekara. Yadda ake gane inda ruwa yake daga tafiyar doki. Suka koma maganar kanwa da dusa, da abin da ake ba doki in cikinsa ya ɗaure, jagora na cewa su allura suke yi, Baba na cewa allurar me, ga tsamiya? Maganar da ya yi a wannan tafiyar ta fi wadda ya yi mini a shekara biyu. Ina biye da su yashi na cika mini takalmi, ina murna, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kishi. Ni ke dafa masa, ni ke wanke masa, amma bakinsa sai ga baƙo ya buɗe.

Mun yi nisa har rumfar oga ta ɓace, muka fito wani wuri da rafin ya miƙe sumul, babu dutse babu rami, a ƙarshensa wata ƙatuwar ɗorawa. Sai ga masu koren zare sun taho ta bayanmu a guje, samari huɗu da jagoransu, suna ihu, ɗaya na riƙe da waya sama yana ɗaukar kansa, jikinsa na tsalle a kan sirdi kamar buhun da ba a ɗaure ba. Suka wuce mu. Dokin Baba ya ɗaga kai ya yi haniniya, ya fara taka rawa yana son binsu. Na ga Baba ya matse shi da gwiwa kawai, dokin ya tsaya yana huci.

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da linzaminsa.

Jagora ya karɓa yana jujjuya shi, yana yaba ɗinkin. Ya dubi hanyar da muka biyo, ya ga ba kowa. Ya zo wajena ya rage murya.

"Madam, nan oga ba ya gani. Zan sa masa wannan, in cire igiya. In an kama ni, aiki na ne zai tafi, na yarda. Amma kai ne ka sa hannu a fom. Ka ce to kawai."

Na ɗaga kai. Baba na kallona daga sama, hular kwanon ta karkace, gumi na bin gemunsa. Tunda nake ban taɓa jin ya roƙi wani abu a wajena ba, ko ruwa sai dai in gani in kawo. Ya nuna ɗorawar da haɓa.

"Uwata, daga nan zuwa bishiyar can. In je in dawo."

Wallahi ba bishiya na gani ba. Gado na huɗu na sashenmu na gani, na kusa da taga, da ƙarfen da muke rataya ƙafa, da gyambon da ke fitowa a bayan tsoho in ya yi sati uku bai juya ba. Na ga kaina ina kiran yayyena a waya ina cewa ni na kai shi. Tsoro ya kama ni, ni kuma in na ji tsoro masifa nake yi. Na juya kan jagora na sauke masa. Na ce kai wane irin mutum ne? Ka san awon jininsa na safiyar yau? In ya faɗo kai za ka yi jinyarsa? Ka ga tsoho ka ga abin wasa ko? Na ce in ya kuskura ya kwance igiyar nan sai na kai shi gaban ogarsa, sai na tabbatar bai sake aiki a wurin nan ba. Bawan Allah yana ta "Sori madam, sori madam." Ban tsaya nan ba. Na ga kamar igiyar ta yi sako-sako a hannunsa, sai na fizge ta na naɗe a nawa hannun har sau biyu.

Jagora ya buɗe baki zai ƙara magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta fi mu sani."

Ya karɓi linzaminsa ya mayar aljihu. Ya saki fatar adon nan ta faɗa kan wuyan doki, ya ɗora hannayensa biyu a gaban sirdi ya riƙe, yadda ya koya mini in riƙe lokacin da yake kai ni rijiya. Na juya dokin muka kama hanyar komawa.

Ni na ja mahaifina, tun daga wannan wurin har tanti. Jagora na binmu a baya hannu banza. Duk tsawon hanyar bakina bai huta ba. Ina bayanin yadda ƙashin tsoho yake, ina ba da labarin wani da ya faɗi a kan tabarmar salla ma ya karye, ina cewa in an sami sauƙin jinin za mu dawo. Fulanin nan suna nan a bakin rafi. Wani dattijo a cikinsu ya jingina da sandarsa ya bi mu da kallo, da muka zo daidai shi ya ce, "Sannu, Baba. Allah ya ƙara sauƙi." Baba ya ce amin.

A tanti mai hoto na jira. Nasu tsarin a nan ma a shirye yake. A cire wa kwastoma hular kwano, a miƙa masa fatar ado, mai jan doki ya ja da baya iyakar tsawon igiya ya tsaya. Na ce to igiyar fa? Ya ce, "Kar ki damu, Hajiya, gogewa muke a kwamfuta. Har ke ma ba za ki fito ba." Na miƙa wa Baba rawaninsa, ya naɗa a kan doki ba madubi, ya gyara zaman rigarsa. Aka ce ya ɗaga kai, ya ɗaga. Aka ce ya yi murmushi, bai yi ba. Ni ina can gefe na ja igiya tamau, don dokin na ta son juyawa wajen 'yan'uwansa.

Da muka koma barga, Baba ya zauna a kan dokin bai motsa ba har sai da aka kawo benci. Ya bari jagora ya kama shi ta hammata ya sauke shi. Ya shafa wuyan dokin sau ɗaya. Sannan ya ciro linzamin ya miƙa wa jagora. Mutumin ya ja da baya yana cewa a'a Baba, a'a. Baba ya ce, "Karɓi. Kai kana da abin sa wa." Ya karɓa da hannu biyu yana durƙusawa, idonsa ya yi ja. Ni ko kallona bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Oga ta miƙo mini wata takarda wai in rubuta yadda na ga hidimarsu. Na rubuta dawaki lafiyayyu, jagora mutumin kirki, amma ba sahara ba ce. Abin da na iya rubutawa ke nan.

A mota na sa almakashin jakata na yanke masa jan zaren.

Washegari na kai masa ƙwayarsa, na tsaya a kansa ina jiran rigima. Ya buɗe tafi ya karɓa, ya jefa a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe mini bakin in gani. Na ɗaga tabarma ba komai. Haka jibi, haka gata. Na riƙa neman sa da faɗa da gangan, in ce Baba ka bar ƙofa a buɗe, Baba ba ka sa takalmin wanka ba, ya ce, "To, Uwata." Komai to. Awon jininsa ya yi kyau, har likita ya yaba mini. Na shiga kicin na yi kuka ranar, ban san wa zan gaya wa ba. Sau biyu ina cewa mu koma Bwari, wannan karon kore zan karɓar masa. Ya ce, "Ai mun je."

Bayan sati biyu ɗan aike ya kawo hoton, babba, a cikin firam. Kai, sun iya aikinsu! Ga Baba a kan jan doki da farin rawani, ƙirji a buɗe, tudun yashi a bayansa, sama shuɗiya. Ba leda, ba sawun taya, ba igiya. Maigidana ya ce ma sha Allah, ya ɗauko guduma ya kafa shi a falo. Na kira Baba ya gani. Ya matso dab da shi ya daɗe yana dubawa, ya kai yatsa wurin da ba kowa, gefen hagu.

"Ke kina ina?"

Na ce, "Sun goge ni, Baba."

Ya ce, "Ai kuwa ba su kyauta ba. Ke ce mai dokin."

Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da na sami abin mayarwa. Ya koma baranda.

Bai kai ƙarshen daminar ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar na kai masa kunu na tarar da shi a kujerarsa, kai a sunkuye, motoci na ta hon a ƙasa. Ba faɗuwa, ba jinya, ba gadon asibiti. Waɗanda suka yi masa wanka sun gaya wa maigidana jikinsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ƙashi ɗaya bai karye a hannuna ba. Abin da na tsaya kai da fata a kansa na same shi.

Kwana uku mutanen Kuchigoro na zuwa gaisuwa, mota-mota. Mazan na zaune a ƙasa ƙarƙashin rumfa, amma duk wanda ya hau ya yi mini ta'aziyya sai ya tsaya gaban hoton. Mata na share hawaye suna cewa shi ne sak, kamar a gida. Wata gwaggona ta riƙe ni tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ke kika mayar da shi kan doki kafin ya tafi. Samun ɗiya irinki sai an tona." Ina cewa amin, ina jin kamar in tsage ƙasa in shige.

Rana ta uku amininsa baduku ya hau, yana hutawa a kowane hawa. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo muka shafa. Da ya tashi tafiya sai ya tsaya gaban hoton, ya ciro tabarau mai ɗaurin zare ya sa. Bai ce ma sha Allah ba. Na ga yana duba bakin dokin, sannan hannun Baba, sannan wuyan dokin da ya karkata hagu ya miƙe, yana jan wani abu da ba a gani. Falon ya rage daga ni sai shi. Bai juyo ba ya yi tambayar, a hankali.

"Wannan ba linzamina ba ne. Babu ma ƙarfe a bakinsa. 'Yar nan, wa ke riƙe da igiyar?"

Da a ce na ce masa ma'aikacin wurin ne, da ba wanda zai ƙaryata ni har abada.

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, na miƙa hannu zan riƙe shi saboda matakala, sai na dubi hannun nawa na janye abina. Na tsaya ina jin saukarsa, taki ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa.